Amanar Jiki da Nauyin Baitulmali

Malaman fiƙihu sun lissafa rai da hankali da dukiya a cikin abubuwa biyar da shari'a ta wajabta kiyaye su, kuma duk wanda ya lura da yadda cuta ke shiga gida a ƙasar Kuyello da ke Birnin Gwari, zai tarar sau tari sakaci guda ne yake cinye ukun baki ɗaya.

Akwai saurayi ɗan ƙwadago a gonar masara, ko mai haƙar zinariya a dajin Birnin Gwari, wanda ba ya ɗaga fartanya sai ya watsa tiramol, har ƙwayar ta kai shi ga farfaɗiya da gushewar hankali. Akwai kuma dattijon da aka shaida masa yana da hawan jini, amma da ya ji dama-dama sai ya ajiye magani, ya koma kan miyar da ta sha gishiri da dunƙule, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi nasiha kada gishirin yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokali. Shi hawan jini a ɓoye yake lalata jijiyoyin ƙoda, ta yadda ranar da ƙafafu suka kumbura, fitsari ya ɗauke, ƙaramin asibitin gari ba shi da dabara face ya tura mutum babban asibitin Shika ko na Kaduna wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, a sayar da buhunan masara, a bi da shanun huɗa, daga bisani a jinginar da gona.

Hasarar kuwa ba ta tsayawa a gidan majiyyaci. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin jinya a Nijeriya daga aljihun jama'a yake fitowa, ɗan abin da hukuma ke tanada kuma, kamar kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya da dokar lafiya ta 2014 ta keɓe, ko asusun taimakekeniya na KADCHMA a Jihar Kaduna, dukiya ce ta jama'a mai iyaka, wadda idan ciwon ganganci ya kwashi rabonsa, mai naƙuda da yaro mai zazzaɓin cizon sauro su ne za su ji a jikinsu.

Haƙiƙa wata cutar gado ce, wata talauci da shekarun rashin tsaro suka haifar, kuma wajibin mahukunta ne su wadata asibitoci da ma'aikata da magani. Amma rage gishiri, da barin ƙwaya, da miƙa hannu a auna jini ranar kasuwa, waɗannan suna cikin ikon kowane baligi, kuma tawakkali bai sauke su daga wuyansa ba.