Yaren wasan golf: kalmomin da ya kamata ka sani

Idan likita ya ce ka riƙa tattaki saboda hawan jini ko ciwon sukari, golf zai sa ka yi tafiyar fiye da kilomita 6 ba ka ankara ba. Amma kafin ka je filin Rayfield na Jos ko na IBB a Abuja, ka san yaren wasan.

Cikakken fili yana da ramuka 18, kuma mai ƙarancin bugu ne ke yin nasara. "Fa" shi ne adadin bugun da ake sa ran ƙwararre zai yi a rami guda, galibi 3, 4 ko 5. In ka rage ɗaya, ka yi "badi", biyu, "igul", in ka ƙara ɗaya, "bogi". "Kadi" shi ne mai ɗaukar maka jakar sanduna, waɗanda doka ta hana su wuce 14.

Mafi muhimmanci ita ce "fo!", gargaɗin cewa ƙwallo ta nufo mutane. Ƙwallon golf tana da tauri, tana iya fasa kai ko ido. Da ka ji, kada ka waiwaya: sunkuya ka rufe kanka da hannuwa. Ita za ka fara koya wa yaranka.