Habbatus Sauda da Homon: Me Ke Faruwa Bayan An Haɗiye Ta?

A shagunan magungunan Musulunci na Ƙofar Sauri, kamar sauran unguwannin birnin Katsina, iri uku ake samun habbatus sauda: ƙwayarta a ƙulle cikin leda, manta a kwalba, sai kuma kafso a roba. Jikin robar nan ne ya fi yawan alkawari: tana daidaita homon, tana gyara al'adar mata, tana ƙara wa namiji kuzari, tana sauke suga. Mai saye ya san hadisin da ya yabe ta, ya san yadda manta ke ƙona maƙogwaro. Abin da ba kasafai ake zaunar da shi a yi masa bayani ba shi ne mene ne homon ɗin, ta ina wannan ƙwaya ke isa gare shi, kuma me aka gani da aka auna.

Tsiron habba, wanda masana ke kira Nigella sativa, bai cika wuce santimita 30 ba. Yana yin fure fari ko shuɗi-shuɗi, sannan ya ɗaura kwanso cike da 'ya'ya. Kowace ƙwaya baƙa ce ƙirin, mai kusurwa uku, amma in ka murƙushe ta cikinta fari ne mai maiƙo, da ƙamshi mai ɗan yaji. Asalinta gabashin Bahar Rum ne da yammacin Asiya, yau kuma ana noma ta sosai a Indiya, Masar, Habasha, Turkiyya da Siriya. Ta hannun 'yan kasuwa take iso mana, da kuma tsarabar alhazai.

Daɗewarta a hannun mutane ba ƙarama ba ce. An samu ƙwayarta a kabarin Fir'auna Tutankamun, wanda aka buɗe a 1922 bayan ya haura shekara 3,000 a rufe. Ibnu Sina ya ambace ta a littafinsa na likitanci. Darajarta a wurinmu kuwa daga hadisin Abu Huraira take, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, inda aka siffanta ta da waraka. Malaman sharhi sun tattauna ma'anarsa, har Ibnu Hajar ya kawo fahimtar Al-Khaɗɗabi cewa lafazi ne mai game komai amma ana nufin wasu cututtuka da shi, ya kuma kawo fahimtar waɗanda suka bar shi a gamammensa. Ke nan tambayar wace cuta, nawa za a sha, kuma yaya, tsohuwar tambaya ce.

Kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin ƙwayar mai ne, mafi yawansa irin man da ake samu a sauran 'ya'yan tsirrai. A cikinsa akwai wani ɗan kaso, kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na ƙwayar, mai saurin tashi a iska, wanda shi ke ba ta ƙamshi da zafi. Babban sinadarin wannan kaso sunansa timokwinon, kuma wani masani a Masar, El-Dakhakhny, ya ware shi tun 1963. Ayyukansa biyu aka fi tabbatarwa a ɗakin gwaji. Yana rage kumburin cikin jiki, wato faɗan da garkuwar jiki ke tayarwa a ɓoye ba tare da an ga komai a fata ba. Yana kuma kare ƙwayoyin halitta daga ɓarnar wasu burbushin sinadarai da jiki ke fitarwa yayin da yake ƙona abinci.

Homon kuwa sinadarin aike ne. Wata gaɓa ce ke sarrafa shi, ta zuba a jini, jini ya kai shi wata gaɓa mai nisa da umarnin ta ƙara aiki ko ta rage. Insulin homon ne, haka testostiron na maza da istirojin na mata, haka wanda ke fitowa daga tayirod a gaban wuya. Sun haura 50, kowanne da aikinsa. Habba ba ta ɗauke da ko ɗaya daga cikinsu. Inda take taɓa su, a kaikaice take yi: ta sauƙaƙa wa gaɓar da ke sarrafa saƙon, ko wadda ke karɓar sa.

Bayanin ya fi fitowa fili a ciwon suga. Bayan cin abinci, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, fankiriyas, tana sakin insulin don ya sa tsoka da hanta su kwashe sugan da ke yawo a jini. A nau'i na biyu na ciwon, wanda ya fi kama manya, insulin ɗin na nan amma jiki ya daina kula shi, tamkar mai sallama a ƙofar gida da ke ta ɗaga murya mutanen ciki ba su amsa ba. Gwaji a kan dabbobi ya nuna habba na ƙara wa tsoka saurin amsawa, tana rage sugan da hanta ke zubowa, tana kuma jinkirta tsotsar sa daga hanji. A 2010 masu bincike a Dammam ta Saudiyya suka ba majinyata 94 giram ɗaya, biyu ko uku a kullum na mako 12. Giram biyu ne ya fi sauke suga, giram uku bai ƙara komai a kansa ba. A 2015 aka bi mutum 114 har shekara guda, aka kwatanta masu shan habba da masu shan kafson da babu magani a ciki, aka ga ragi na gaske amma matsakaici. A gwajin biyu duka, majinyatan ba su bar maganin asibitinsu ba. Ɗora habba aka yi a kai.

Tayirod ita ke tsara saurin da jiki ke ƙona abinci. Idan ta yi sanyi, wata gaɓa a ƙarƙashin ƙwaƙwalwa sai ta ƙara sakin homon mai suna TSH don ta zaburar da ita, shi ya sa hawan TSH a takardar gwaji alama ce ta raunin tayirod. Akwai cutar Hashimoto, inda garkuwar jiki ke afka wa tayirod ɗin da kanta. A 2016, a Tabriz ta Iran, an raba masu wannan cuta 40 gida biyu, aka ba rabi giram biyu na garin habba na mako takwas. TSH ɗinsu ya sauka, alamun farmakin garkuwa suka ragu, ƙiba ma ta ɗan ragu. Sakamakon ya yi daidai da aikin timokwinon na rage kumburi, sai dai mutum 40 a wata biyu soma-taɓi ne. Kuma maƙoƙo, wato kumburin tayirod da aka fi sani a ƙasar nan, rashin aidin ne babban sanadinsa, abin da ya sa Nijeriya ta wajabta sa aidin a gishiri tun 1993. Habba ba ta cike wannan gurbi.

A ɓangaren maza, abu biyu ake yawan cakuɗawa: lafiyar maniyyi da yawan testostiron. A 2014, a Iran, an gwada maza 68 masu matsalar haihuwa, rabinsu suka riƙa shan mililita 2.5 na man habba, wato rabin ƙaramin cokali, safe da yamma har wata biyu. Yawan ƙwayoyin maniyyinsu da motsinsu da siffarsu sun inganta. Wannan ma akwai dalili, domin ƙwayar maniyyi na cikin mafi saurin lalacewa da burbushin nan da aka ambata. Testostiron kuwa a ɓeraye aka fi ganin hawansa. Da aka gwada a kan maza masu tumbi a Indunusiya a 2010, nauyi da faɗin ƙugu sun ragu, amma homon ɗin bai canja yadda za a kafa hujja da shi ba.

Na mata ya fi ƙarancin shaida. An ga alamun aiki irin na istirojin a ɓerayen da aka cire wa mazaunin ƙwai, akwai kuma ƙananan gwaje-gwaje a kan mata masu jinkirin al'ada da waɗanda al'ada ta ɗauke musu. Ba su kai a ce habba maganin rashin haihuwa ba ce, musamman da yake toshewar bututun mahaifa ko ƙari a mahaifa ba matsalar homon ba ne tun farko. Ban da batun homon, a hawan jini kuwa, da aka haɗa sakamakon gwaji 11 a 2016, ragin kimanin maki uku ne a lambar sama. Kitsen jini ma yana ɗan sauka.

Duk abin da ke iya sauke suga yana iya sauke shi fiye da kima. Mai shan ƙwayar suga ko mai allurar insulin, in ya ƙara da habba mai yawa, musamman da azumi, yana iya samun jiri, gumi da karkarwa. Tana rage saurin wasu sinadaran hanta masu narkar da magunguna, don haka wani maganin kan daɗe a jini fiye da yadda likita ya lissafa. Tana iya jinkirta daskarewar jini, abin lura ga mai shan maganin tsinka jini ko mai jiran tiyata. Shafa man zalla yana sa wasu ƙaiƙayi da ƙuraje. Mai juna biyu kuwa, ɗan abin da ke cikin abinci daban, shan mai ko kafso kullum daban, kuma na biyun ba a tabbatar da amincinsa ba.

Sai batun kwalbar kanta. Yawan timokwinon ya danganta da ƙasar da aka noma ƙwayar, da yadda aka tatse ta, da yadda aka adana man, domin haske da zafi na lalata shi. Farar kwalbar da ta sha ranar Katsina a bakin shago ba za ta yi daidai da mai duhu da aka ajiye a inuwa ba. Lambar da hukumar NAFDAC ke fara bai wa maganin gargajiya tana nufin an duba ba shi da cutarwa. Ba shaida ba ce cewa alkawuran jikin robar sun tabbata.

In aka tattara, habba tana aiki, aikin kuma matsakaici ne. Ya fi ƙarfi a suga, akwai alamu masu kyau a tayirod da maniyyi, ya yi rauni a testostiron da haihuwar mata. Cewa tana daidaita homon gaba ɗaya magana ce da ta fi hujjarta faɗi. Wanda ke son gwadawa ya tsaya kusa da giram biyun da aka gwada, ya gaya wa likitansa, ya riƙe maganinsa, ya yi awon suga ko TSH a Asibitin Koyarwa na Tarayya ko Babban Asibitin Katsina kafin ya fara, ya sake bayan wata uku. Gani ya kori ji: takardun awon biyu za su nuna masa ko kuɗin da yake kashewa na biyan buƙata.