Kuɗin Bincike Ba Watanda Ba Ne

Duk lokacin da asusun TETFund ya fitar da sunayen malaman da suka samu tallafin bincike, sai ƙorafi ya tashi: jami'a kaza ta kwashe, jiharmu ko guda ba ta samu ba, an yi son kai. Abin da ke damuna shi ne zaton da ake yi cewa adalci shi ne a yanka kuɗin daidai wa daida, kowa ya ɗauki kashinsa.

A 2021 an ware wa Asusun Bincike na Ƙasa na TETFund naira biliyan 8.5. A kunne kuɗi ne mai kauri. Amma masu nema sun fito ne daga jami'o'i da kwalejojin gwamnati na duk ƙasar, kuma yawancin kayan ɗakin gwaji da dala ake sayensu.

Mai kuɗin haƙa rijiya biyu, in ya ce sai ya haƙa goma don kada wata unguwa ta yi fushi, ramuka goma zai bari, babu wanda ya taɓo ruwa. Buhun taki guda da aka watsa a gona mai eka ashirin, ko ganye ba zai canza ba. Haka bincike yake: rabinsa ba ya ba da rabin amfani. Dubi waken SAMPEA 20-T, mai jure tsutsar da ke huda kwanso, wanda cibiyar binciken aikin gona ta Samaru ta fitar a 2019. Kusan shekara goma aka yi ana gwada shi a fili, da tallafin ƙungiyoyin waje. Da kuɗin ya yanke a shekara ta huɗu, manomi ba zai ga ko ƙwaya ba.

Shi ya sa ake tankaɗe da rairaya. Malami ya turo taƙaitaccen bayani, in ya tsallake ya kawo cikakken tsari, sannan ya tsaya gaban masana ya kare shi. Dole wani aiki mai kyau ya faɗi, don ba a iya ɗaukar duka.

Inda nake ganin ƙorafi ya dace daban ne. Wanda aka ƙi, hukuma ta faɗa masa dalili filla-filla, ya gyara. Wanda aka bai wa, jama'a su ji inda aikinsa ya kwana. Tsutsar tumatir ta cinye gonaki a Kano da Kaduna a 2016, ta kuma sha dawowa tun daga lokacin. Manomin tumatir na da haƙƙin a gaya masa bincike nawa aka biya a kanta, kuma me aka gano.