Na'urar da Ke Hana Macijin Kiwo Ƙonewa a Akwatinsa

Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa, daga inda yake kwance yake samu. Shi ya sa masu kiwon ball python, ƙaramar mesar nan ta Ghana, Togo, Benin da Najeriya, suke raba akwatinta gida biyu: gefen ɗumi mai digiri 31 zuwa 33, da gefen sanyi mai 24 zuwa 27.

Ana liƙa shimfiɗar ɗumi ta lantarki a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na akwatin. Matsalar ita ce shimfiɗar ba ta tsayawa da kanta, maciji kuma yakan kwanta a kai har fatar cikinsa ta ƙone bai gusa ba. Aikin tamostat ke nan: a jona shimfiɗar a jikinsa, a manna bakin wayarsa mai auna zafi a kan shimfiɗar, shi zai riƙa yanke wuta idan zafi ya kai iyaka.

Soket mai Wi-Fi da ake kunnawa daga waya ba zai maye gurbinsa ba, domin lokaci yake bi, ba zafi ba. A Afrilun Kano kuwa, da zafi ke kaiwa digiri 40, sanyaya akwatin shi ne babban aiki.