Dukancin Kayan Babur: Wace Magana Ce Gaskiya, Wacce Ce Jita-jita?

Daga unguwar Bako a cikin garin Yola har zuwa kasuwar Jimeta, duk matashin da ya ce zai koyi ɗinka kayan fata na babur, irin su rigar kujera, jakar gefe, marufin hannu ko maƙalin makulli, sai ya sha shawarwari kafin ya taɓa basilla. Wasu gaskiya ne, wasu sare gwiwa kawai suke yi, wasu kuma za su iya jefa mai babur cikin haɗari. Bari mu tankaɗe su, mu ware tsaki da gari.

"Dukanci sai ɗan gado"

Ba haka ba ne. Lallai a da sana'ar tana bin gida, shi ya sa Kano take da unguwar Dukawa. Aikinsu kuwa ya yi suna tun tuni: Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya shiga Kano a 1851 ya kuma iso Yola a watan Yunin shekarar, ya rubuta yadda takalman Kano suke kaiwa ƙasashe masu nisa. Amma hannu da koyo yake ƙwarewa. Cibiyar NILEST da ke Samaru a Zariya tana koyar da aikin fata ba tare da tambayar asalin kowa ba, haka masu sana'ar a Naraguta kusa da Jos suna ɗaukar almajirai. Ɗan gado ya riga ka ganin aikin ne kawai.

"Sai ka iya jima kafin ka fara"

Ƙarya ce. Jima daban, dukanci daban. Majemi ne yake karɓar ɗanyar fata, ya cire gashi, ya jiƙa ta cikin ruwan bagaruwa har ta nuna. Baduku kuwa jemammiya yake saye, ya yanka, ya rina, ya ɗinka. Kada arhar ɗanyen ƙilago ta ruɗe ka don kana kusa da kasuwar shanu ta Ngurore. Fatar da ba a jeme ba ƙandarewa take yi in ta bushe, ta yi wari in ta jiƙe.

"Fatar jar akuya ta fi kowacce, ta dace da komai"

Rabin gaskiya. Jar akuyar Sakkwato da Maraɗi tana da fata mai laushi da kyawun ido, ita ce ayari ya riƙa ƙetare Sahara da ita har Turawa suka laƙaba mata sunan Maroko. Sai dai siririya ce, kaurinta bai cika wuce milimita 1 ba. Ta dace da ado, da naɗin hannu, da ƙaramar jakar takardun babur. Jakar gefe da za ta ɗauki sifana da kwaɗo tana jijjiga a hanyar ƙauye kuwa ƙirgin saniya take so, mai kaurin kusan milimita 3. Dubi kayan doki a hawan sallar Lamiɗo: inda ake ja da ɗaukar nauyi ƙirgi ne, fatar akuya tana wajen ƙawa.

"Ba keken ɗinki, ba sana'a"

Wannan ma ba gaskiya ba ce. Basilla, allura biyu, zare mai ƙarfi da aka goga wa kakin zuma, wuƙa mai kaifi, ma'auni da kwalin da za ka fara fitar da siffa a kai, sun ishe ka farawa. Ɗinkin hannu mai allura biyu ma ya fi na keke jure wahala, domin kowane zare yana ratsa kowace huda da kansa; in ɗaya ya tsinke, ɗayan yana riƙe. Na keke kuwa da ya tsinke wuri guda sai ya fara warwarewa. Keke sauri yake ƙarawa, ranar da masu saye suka yi yawa.

"Fata ba ta tsoron ruwa, baƙin mai yana ƙara mata ƙarko"

Nan ne aka fi asarar kaya. Fatar bagaruwa tana shan ruwa, in kuma aka shanya ta a ranar Yola, wadda a watannin Maris da Afrilu take haura digiri 40, sai ta ƙage ta tsattsage. A inuwa ake busar da ita, a shafa mata ɗan man kaɗanya da kakin zuma. Baƙin man inji yana lalata ta, ya ɓata wandon mai hawa, ya kuma sa kujera santsi. Fatar kamfani, irin wadda ake jemewa da sinadarin kurom a masana'antun Challawa da Sharaɗa, ta fi jure damina, don haka ita ta fi dacewa da rigar kujera.

"Ado yana iya kayar da mutum"

Wannan gaskiya ce tsantsa, kuma ita na fi so a riƙe. Geza mai tsawo tana iya shiga sarƙa ko ƙafar baya. Jakar da ta sauko kan salansa za ta ƙone. Marufin hannun da bai kama sosai ba zai juya a tafin direba daidai lokacin da yake neman birki, wanda ya yi tsawo kuma zai hana totur komawa. Kafin ka karɓi kuɗin kowa, ɗaura kayan a jikin babur ɗin, ko Bajaj ne ko Jincheng, ka sa mutum biyu su hau, ka juya kan hagu da dama, ka ga ko akwai abin da yake taɓa wani abu.

Saboda haka, ɗan'uwa, ka fara da maƙalin makulli, ka koma jakar takardu, sannan ka tunkari kujera. Ka nemi tsohon baduku ka durƙusa a gabansa, ko share masa rumfa ne ka yi. Ɗinkinka na farko zai karkace, wannan ba abin kunya ba ne, da koyo akan iya. Abin da ba a yafe wa mai koyo shi ne ya sallami mutum da kayan da bai gwada ba, domin ran mahayi da na wanda ya goya suna rataye a kan zarenka.