Hattara Kafin Sayen Tirela: Jan Hankali ga Direban da Zai Zama Mai Motar Kansa

Burin mafi yawan direbobin manyan motoci a Najeriya shi ne wata rana su daina kai wa ubangida balas, wato kuɗin da direba ke miƙa wa mai mota bayan kowace tafiya, su koma tuƙa motar da ta zama mallakinsu. Sai dai mai mota ɗaya ba daidai yake da kamfanin da ke da motoci hamsin ba, domin idan mota ɗaya ta kwanta a kamfani sauran na ci gaba da kawo kuɗi, shi kuwa ranar da tasa ta tsaya, abincin gidansa da biyan bashinsa da albashin yaron motarsa duk sun tsaya tare. Saboda haka ba kyawun kan mota ko sauƙin farashinta ne ma'aunin zaɓe ba, ma'aunin shi ne irin aikin da za ta yi da kuma saurin tashinta idan ta lalace.

Kamata ya yi a san kaya da hanya tun kafin a taya mota. Wanda zai riƙa ɗauko kwantena daga tashar jiragen ruwa ta Apapa, da mai jigilar siminti daga Obajana, da mai lodin hatsi a kasuwar Dawanau ta Kano, ba bodi iri ɗaya suke buƙata ba. Shi ma kan motar iri-iri ne: akwai 4x2, mai aksil ɗaya a baya, wanda ya fi sauƙin shan mai da cin taya amma ba ya jure nauyi da laka, akwai 6x4, mai aksil biyu a baya waɗanda dukkansu ke tura mota, wanda ya fi dacewa da kaya masu nauyi a hanyoyin da ramuka suka ci. Akwai kuma 6x2, wanda a ido yake kama da 6x4 alhali aksil ɗaya ne kawai ke turawa, kuma a nan ne ake yawan yaudarar sabon mai saye. Mai niyyar tsallakawa Nijar ya sani cewa dokar 2005 ta ƙungiyar UEMOA, wadda Nijar ke cikinta, ta ƙayyade jimillar nauyin tirela mai aksil shida a kan tan 51.

Kasuwar manyan motoci ta kasu gida biyu. Akwai motocin Turai da Amurka na hannu, waɗanda ake kira Beljiyam, irin su DAF da MAN da Iveco da Mack, sannan akwai na Sin irin su Howo, da kamfanin Dangote Sinotruk ke haɗawa a Legas, da Shacman da ake haɗawa a Inugu. Na Turai sun yi suna wajen ƙarko da daɗin tuƙi, amma galibi sun yi tafiyar dubban ɗaruruwan kilomita kafin su iso, na Sin kuwa kayan gyaransu sun fi araha da yawaita, ko da yake darajarsu na saurin faɗuwa idan aka zo sayarwa. Hanya mafi sauƙi ta yanke hukunci ita ce mai saye ya zagaya Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Ladipo a Legas, ya tambayi farashin kuloci da famfon mai da kan injin motar da yake so. Idan sai an aika waje ake samun su, to motar za ta iya shafe makonni a gefen titi a Tafa ko Mokwa tana jiran ƙarfe guda.

Sabunta ma tana da nata tarkon. Motocin da aka ƙera bisa ƙa'idar hayaƙi ta Euro 6, wadda ta fara aiki a Turai a wajajen 2014, suna amfani da wani ruwa mai suna AdBlue da matatar da ke kama toka a bututun hayaƙi, kuma an tsara su ne don man dizal mai tsabta ƙwarai. Gurɓataccen mai na toshe matatar, kwamfutar motar kuma ta rage wa injin ƙarfi, gyaran da bakaniken gefen hanya ba zai iya ba sai mai na'urar bincike.

Ranar duba mota, a je da bakaniken da mai saye ya zaɓa da kansa, a kuma nemi a tayar da injin da sanyin safiya, domin injin da aka riga aka ɗumama yana ɓoye laifinsa. A buɗe murfin da ake zuba baƙin mai yayin da injin ke aiki: idan hayaƙi na bugowa da ƙarfi, zoben fistan sun gaji, idan kuma man ya yi fari-fari kamar an gauraya shi da madara, ruwa na shiga cikinsa. A shiga ƙarƙashin mota da tocila a bi shasi, wato ƙarfen da ke ɗauke da gangar jikinta, domin sabon fenti a wuri guda yakan rufe walda ko tsagewa. A bar tankin iskar birki ya cika, a kashe injin, a saurara ko iska na tsiyaya. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu da ke nuna mako da shekarar da aka ƙera ta, misali 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019. Daga ƙarshe a gwada motar da kaya a kanta, domin giyar da ke shiga lafiya a mota fanko takan tona asirinta a hawan tudu.

Takardu ma abin lura ne. Lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 dole ta yi daidai da abin da ke cikin takardar kwastan, kuma a tabbatar da biyan harajin a ofishin hukumar kwastan, ba a bakin dillali ba, musamman ganin cewa a Janairun 2017 gwamnati ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, abin da ya sa da yawa suka shigo ta ɓarauniyar hanya. A guji motar da aka sauya wa sitiyari daga dama zuwa hagu, domin aikin da ba a yi shi da kyau ba yana taɓa sitiyari da birki. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana buƙatar lasisi mai daraja ta G ga direban tirela, kuma tun Fabrairun 2017 take tilasta sanya na'urar ƙayyade gudu a motocin haya.

Babban kuskure shi ne zuba duk jari a kan sayen motar. Daga Kano zuwa Legas kimanin kilomita 1,000 ne, tirela mai kaya kuwa takan yi kilomita biyu zuwa uku ne kacal da lita ɗaya, ga shi farashin dizal ya haura naira 1,000 a kan lita a 2023, sannan wasu masu kaya ba sa biyan cikon kuɗi sai bayan makonni. Wanda zai karɓi mota biya sannu-sannu ya karanta yarjejeniyar da kyau, ya san abin da zai faru idan ya gaza biya wata ɗaya ko biyu, domin wasu sharuɗɗan na ba da damar ƙwace motar tare da asarar abin da aka riga aka biya. Hausawa sun ce araha ba ta ado, amma tsada ma ba ta tabbatar da riba. Matsakaiciyar mota mai cikakkun takardu, wadda aka ware mata kuɗin mai da taya da inshora da gyaran watanni uku, ta fi ƙasaitacciyar motar da ta bar mai ita ba ko sisin tafiyar farko.