Tiyatar Jijiyar Ƙwaƙwalwa: Gaskiya da Jita-jita

A Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, in likita ya ce a kai mara lafiya Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a yi masa aiki a ka, dangi kan ja da baya. Tsoron nan na iya cin rai, don haka ya kamata a tace maganganun da ke yawo.

Ciwon da ake wa wannan aikin dai wani wuri ne mai rauni a jijiyar jini ta ƙwaƙwalwa da ke kumbura kamar balan-balan. Kusan mutum 3 cikin 100 na ɗauke da shi ba su sani ba. Hawan jini da shan taba na ƙara haɗarin fashewarsa.

"Wanda aka buɗe wa kai ba ya dawowa daidai." Ba haka ba ne. Tun 1937 likita Walter Dandy ya fara matse wuyan kumburin da ɗan ƙarfe a Amurka. Daga farkon shekarun 1990 kuma aka samu dabarar zura siririyar waya ta jijiyar cinya a toshe shi ba tare da buɗe kai ba. Yawancin waɗanda aka yi wa aikin kafin fashewa kan koma harkokinsu.

"Tiyatar ce ke kawo mantuwa." Da ƙamshin gaskiya, domin aikin na da nasa haɗarin. Amma babbar ɓarnar daga jinin da ya malala bayan fashewa take, da kuma tsukewar jijiyoyi da kan biyo baya tsakanin kwana 3 zuwa 14, wadda ke hana ƙwaƙwalwa isasshen jini.

"Ya canza hali, iska ce ta taɓa shi." Canjin gaskiya ne, dalilin ne kuskure. In kumburin ya fashe a gaban ƙwaƙwalwa, mutum kan manta abin da ya faru ɗazu, ya yi saurin fushi da gajiya, har ya ba da labarin da bai faru ba alhali ba ƙarya yake nufi ba. Ɗan kasuwar da ke lissafi da ka ranar Alhamis a Maigatari zai iya buƙatar littafi. Sauƙi kan zo a hankali, cikin watanni har shekara ko fiye.

Ciwon kai mai tsanani da ya faɗo farat ɗaya, da amai, sanƙarewar wuya ko suma, ba na jira ba ne. A garzaya Babban Asibitin Gumel nan take, kuma in an ce Kano, a kama hanya.